Hedifon Mai Walƙiya da Muryar Malam Ilyasu

Shekaranjiya wani saurayi ya shigo shagona a nan Birnin Kudu, ya rataye hedifon a wuya, abin sai walƙiya yake ja da shuɗi. Ko zama bai yi ba ya ce, "Baba Hamisu, ni ma situdiyo zan buɗe. Aikin naku ai ba wani abu ba ne, ka kafa wannan a kunne ka danna maɓalli." Na ce ya miƙo min in gani. Na ɗora a kaina, ya saka min waƙa daga wayarsa. Ganga ce kawai ke dukan ƙwaƙwalwata, mawaƙin kuwa kamar daga cikin randa yake magana, ga abin ya matse min kai kamar an ɗaure buhu. Na cire na mayar masa. Shi da ire-irensa nake yi wa wannan bayani, don na gaji da yi wa kowa ɗaya bayan ɗaya.

Ni ɗaukar sauti ce sana'ata tun zamanin kaset. A hannun Sabo Mai Kaset na koya, Allah ya jiƙansa, a wani ɗan shago kusa da tasha. Na daɗe a wurinsa ban taɓa rikoda ba. Sharar shago nake yi, da naɗe wayoyi, da goge kan rikoda da auduga. Ranar da ya ga dama ya fara koya min, sai ya ɗauko hedifon guda biyu da ke rataye a ƙusa, duka manya masu rufe kunne ruf. Ɗaya baƙi ne mai sheƙi, ɗaya kuma ruwan toka, ya koɗe, an ɗaure wayarsa da salatif. Ya saka kaset ɗin wani mai wa'azi ya ce in saurara da baƙin. Na saurara. Murya ta fito da kauri, da daɗi, kamar mutumin ya ci ya ƙoshi. Sai ya mayar da kaset baya, ya ɗora min mai ruwan tokar.

"Me ka ji?"

Na ce, "Oga, wannan ya lalace. Akwai ƙarar fanka a ciki, har zakara na ji yana cara, kuma malamin yana busa makirfo duk sanda ya ce fa."

Ya ce, "Fankar tana cikin kaset ɗin. Zakaran ma yana ciki. Wancan baƙin ɓoye maka ya yi. Shi na mai saye ne, a sa a ji daɗi. Wannan na mai aiki ne."

Abin da samarin yanzu suka kasa ganewa ke nan. Ku kuna gwada hedifon ne da wanda ya fi sa ku gyaɗa kai. Wannan rugugin da kuke kira bes, shi kuke bi, kamar ƙuda da mangwaro. To rugugin nan shi ke danne duk wata ƙazanta da ke cikin aiki. Ƙugin janareta ya shige ƙarƙashinsa ya kwanta, ba za ka ji ba. Sai ka gama, ka miƙa wa mai aiki, ya je ya saka a rediyon motarsa ko a lasifikar masallaci, sannan ƙazantar ta fito fili, lokacin da babu sauran gyara. Idan zan gwada hedifon, ba kiɗa nake saka masa ba. Muryar tsoho nake sakawa, wanda haƙoransa suka zube. In na iya bambance sa da sha a bakinsa, in na ji inda yake jan numfashi, to abin ya ci jarrabawa ta farko.

Jarrabawa ta biyu kuwa kai ne ke yin ta, ba kunne ba. Wani azumi da ya faɗo cikin bazara na ɗauki tafsiri a wani masallaci a Sundimina, kullum daga bayan azahar har a kira la'asar. A lokacin na sayi wani sabo mai matashin fatar roba, sautinsa ba laifi. Kwanaki kaɗan na gane kurena. Roba ba ta shan gumi. Kunnuwana suka riƙa dahuwa a ciki, gumi na gangarowa ta wuya, ga ƙishirwar azumi. Kafin a sha ruwa na goma fatar ta fara saɓulewa, in na cire sai ka ga baƙin ɓurɓushi a kunnena da gefen farar hulata. Ga kuma ƙarfen da ke ratsa kai, gajere ne, ba ya hawa kan hula. Turawan da suka ƙera shi ba su san da hula ba. Ni kuma ba zan zauna gaban malami da almajiransa kai ba hula ba. Sai dai in danna hular, ƙarfen ya nutse a ciki, ya bar min kwari a tsakiyar ka. Na kai wa wani tela a kasuwa ya cire fatar ya lulluɓe soson da yadi mai laushi. Kunne ya huta, amma sai sautin ya fara yoyo ta gefe. Kowane gyara da abin da yake ci.

Shi ya sa mai aiki ba ya zama da hedifon ɗaya. Wanda za ka ɗora wa mawaƙi a gaban makirfo dole ya rufe gam, don in kiɗan ya zubo daga kunnensa makirfo zai kwashe, ya ɓata muryar. Wanda kai za ka zauna da shi kana tace aiki yini guda, mara nauyi kake so, mai faɗin baki, wanda kunne zai shige ciki gaba ɗaya ba tare da ya naɗe ba. In matashin ya hau kan kunnen ya zauna, kafin ka gama aiki guda kunnen ya yi ja, in kana sa tabarau kuwa ƙafar tabaran ta nutse maka a nama.

Na tuna wata Malama Hauwa mai Islamiyya a Wurno, ta kawo min ɗalibanta mata su rera waƙar saukar karatu. Yara ne ƙanana, kowacce da hijabi. Na ɗora wa ta farko hedifon, ya zame ya faɗo mata a hanci, sauran suka fashe da dariya. Na naɗe ɗan ƙyalle a ƙarƙashin ƙarfen ya zauna. Sai kuma ta ce ba ta ji sosai, saboda hijabin ya tare. Wani sakarai ƙara mata ƙara zai yi har ya ji wa yarinya ciwo a kunne. Ni canja mata na yi da wani mai ɗan matsi, wanda ke danne yadin ya manne da kunne. Malama Hauwa na tsaye tana kallo, ta ce, "Malam Hamisu, ashe abin har da awo, kamar ɗinki?" Na ce har da awo, Malama.

Yanzu bari in zo kan shekarar da ta fi kowace muni a aikina, wadda har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

A Farin Dutse, can ƙasar Gwaram, akwai wani dattijo, Malam Ilyasu. Gidan malanta ne kaka da kakanni. Mahaifinsa ya tsara waƙoƙin wa'azi masu yawa da ajami, amma gara ta shiga akwatin takardun ta cinye. Babu inda suka rage sai a kan Malam Ilyasu, shi kuwa ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, murya ta zama siririya. Almajiransa suka zo har shagona suka ce in je in ɗauke su tun yana da rai. Na ɗaure kayana a bayan babur na tafi. Damina ce, hanya duk taɓo.

Na tarar da shi a zauren gidansa a kan buzu. Na duba zauren, na ce a kashe janaretan maƙwabci mai cajin waya, da batir zan yi aiki. Na sa aka rataye tabarmi a bango don kada murya ta riƙa dawowa. Na kafa masa makirfo daidai bakinsa. Ban ɗora masa komai a ka ba, tsoho irin wannan ba ya bukatar jin kansa a kunne, rikita shi kawai za ka yi. Ni na sa nawa, wani tsohon hedifon da na yi shekaru da shi, wanda ba shi da kyan gani ko kaɗan. Malam kan yi waƙa ɗaya ko biyu, sai numfashi ya gaza, sai mu tsaya sai wani zuwan. Ya ce min, "Hamisu, ka yi haƙuri da ni, doki ya tsufa." Na ce, "Allah gafarta Malam, ko shekara za mu yi ina nan."

Mun yi 'yan zuwa kaɗan, mun samu waƙoƙi ƙalilan masu tsabta, sai babban ɗansa, Alhaji Nafi'u, ya dawo daga Kano inda yake kasuwanci. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da wani matashi, Kabiru, wai ana ce masa Injiniya, wanda bai daɗe da buɗe situdiyo a garin Gwaram ba. Kwamfuta ce a hannunsa, a wuyansa kuma irin hedifon ɗin nan naku, ƙato, mai fitila, mara waya. Alhaji ya dubi kayana ya yatsine fuska. Ya ce, "Malam Hamisu, wannan aikin naka yaushe zai ƙare? Ga yaro nan ya ce yini ɗaya ya ishe shi."

Na ce, "Alhaji, ba injina ne ke jinkiri ba. Numfashin Malam ne."

Ya ce in ba shi ya ji abin da na ɗauka. Na ɗora masa hedifon ɗina. Ya ɗan saurara ya cire, ya ce, "Ai muryar Baba ba ta fita. Kamar sauro." Kabiru ya yi wuf ya karɓi memorin da na ɗauki muryar a kai, ya zura a kwamfutarsa, ya ɗora wa Alhaji nasa. Aikina ne fa, wanda na ɗauka da hannuna, bai taɓa komai a ciki ba. Alhaji ya washe baki. "Yauwa! Ka ji murya! Ka ji Baba kamar yana da shekara arba'in!"

Na ce, "Alhaji, abu ɗaya ka ji sau biyu. Nawa ya gaya maka yadda muryar take, nasa ya shafa mata mai. Wanda ke ɗaukar aiki da irin wannan ba zai san sanda aiki ya lalace ba."

Ya ce, "Kai dai ka tsufa da tsofaffin kaya. Mun gode, Allah ya saka."

A gaban almajirai ya faɗa. Malam Ilyasu ya ɗago kai ya ce, "Nafi'u, da ka bar mutumin nan." Alhaji ya ce, "Baba, ka bar min wannan, zamani ya canja." Na naɗe wayoyina, na sauke tabarmin da na rataye, na durƙusa na yi wa Malam sallama. Kafin in fita na ja Kabiru gefe, don ba shi nake ji ba, Malam nake ji. Na ce, "Ɗana, abu biyu. Ka sa a kashe janaretan can. Kuma kada ka cire abin nan daga kunnenka har a gama, ko da zai huda maka kai." Ya ce, "Baba, kwamfuta na goge duk wata ƙara." Yana faɗa yana danna waya.

Labarin bai tsaya a Farin Dutse ba. Alhaji Nafi'u mutum ne mai baki, duk inda ya zauna sai ya ce ya gwada da kunnensa, kayan Hamisu sun mutu. Masu biki suka koma Gwaram. Masu tallan magani da ke zuwa in ɗaukar musu murya suka koma. Har wasu makarantun da na yi shekaru ina yi wa aiki. Sai in yini a shago daga ni sai ƙuda. A shekarar sai da na koma gyaran rediyo da tocila, na kama gonar gero da na daɗe da bar wa ƙanena. Wani ɗan'uwa ya ba ni shawara in sayi irin mai fitilar in rataye a wuya ko don mutane su gani. Na ce in mutu da yunwa ya fi.

Abin da ya faru a zauren kuwa, wani almajirin Malam ne ya ba ni labari daga baya, kuma memorin ya tabbatar min. Kabiru bai kashe janareta ba, don kwamfutarsa ba ta riƙe caji, shi ma a jikin janaretan ya jona. Da ya saurara da farko, rugugin hedifon ɗinsa ya danne ƙugin, ya ce komai lafiya. Suka tasa tsoho a gaba tun hantsi, waƙa bayan waƙa, in ya tsaya Alhaji ya ce, "Daure, Baba, saura kaɗan." Shi kuwa hedifon ɗin nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, ga matsi, ga fatar roba, ga zafin zaure cike da mutane. Ba a je ko'ina ba Injiniya ya zare shi ya saukar a wuya, ya ci gaba da danna wayarsa. Wani ya gitta ya taka wayar makirfo, ta zare daga kwamfuta. Kwamfutar ba ta tsaya ba, ta koma ɗauka da ɗan ƙaramin makirfon da ke jikinta, ita kuwa tana ajiye a bakin taga, janareta na bayan tagar. Layi na ta motsi a allon, shi yana ganin aiki na tafiya. Da abin na kunnensa, a take zai ji muryar ta gudu. Yana wuyansa yana walƙiya.

Malam ya ba su duk abin da ke kansa a wannan yini. Ya kwanta ciwo bayan nan, ba a gama girbin gero ba Allah ya karɓi abinsa.

Sai bayan sadakar bakwai suka saka memorin a lasifika don jama'a su ji. Janareta suka ji. Kabiru ya kwana biyu yana fama da kwamfutar da ya ce tana goge komai, daga ƙarshe ya kashe wayarsa. Alhaji Nafi'u bai iya zuwa wurina da kansa ba, almajirai ya aiko da memorin a ƙulle cikin leda. Na so in ce su mayar masa ya sa a hedifon mai daɗin nan ya ji. Amma muryar ba ta Alhaji ba ce.

Na ajiye gyaran rediyo na zauna a kan aikin makonni. Ku da kuke cewa danna maɓalli ne, ku zo ku ga yadda ake tono muryar tsoho daga ƙarƙashin inji. Ka rage ƙugin kaɗan, muryar ta ɗan leƙo. Ka ƙara ragewa, ta tafi tare da shi, don a wuri ɗaya suke zaune. Baiti guda sai in maimaita shi har in daina gane Hausa. A nan ne hedifon mara nauyi ya biya kuɗin sabulunsa, don yini nake da shi a ka. Waƙoƙin farko, kafin wayar ta zare, na ceto su da ƙugi a ƙasa. Na tsakiya, kalma ta fito, kalma ta nutse. Na ƙarshe, lokacin da Malam ya gaji muryar ta ƙanƙance, babu abin da ɗan'adam zai iya yi.

Ina cikin haka wata safiya sai ga wata dattijuwa a ƙofar shago, an kawo ta a babur. Ta ce ita ce Rakiya, babbar 'yar Malam, tana aure a wani ƙauye kusa da Gwaram. Ta ce, "An ce muryar Baba na wurinka. Ina so in ji."

Na ce, "Inna, ba za ki ji daɗinta ba. Inji ya cinye rabi."

Ta ce, "Ka sa min haka nan."

Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗora mata nawa a kan mayafi, na fara da na tsakiyar. Ta saurara tana kallon ƙasa. Da aka zo inda muryar ta nutse, sai na ga bakinta na motsi. Na tsayar na ce, "Inna, kin san wurin nan?" Ta ce tun tana yarinya take jin su ta bayan katanga, in Malam na rera wa almajirai a zaure ita tana daka a cikin gida. Ba wanda ya taɓa koya mata, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta. Alhaji Nafi'u ya je har Gwaram neman Injiniya, bai san yayarsa na da su ba.

Na kafa mata makirfo. Muka riƙa yi, Malam ya ja baiti a kunnenta, inda inji ya haɗiye shi ita ta cike. Ta yi ta zuwa duk ranar da ta samu mai kawo ta. Da yawa mun dawo da su ta haka, muryar uba da ta 'ya a jere. Har muka iso waƙar ƙarshe, wadda almajirai suka ce ita ce mafi tsawo, ita ce kuma mahaifin Malam ya tsara dab da rasuwarsa. Inna Rakiya ta ja farkonta lafiya. Can sai ta tsaya. Na mayar baya, na ƙara ƙara. Ta danne hedifon ɗin da hannu biyu a kan kunnuwanta, ta sunkuya. Na sake mayarwa. Ana jin alamar mutum na rera wani abu can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, janareta na ta aikinsa a kai.

Ta cire a hankali ta miƙo min.

"Daga nan ban sani ba," in ji ta. "Duk sanda ya zo nan, an riga an aike ni ɗebo ruwa."

Na ce ko akwai wani tsoho a garin da zai iya tunawa. Ta girgiza kai, ta ce duk sun riga shi tafiya. Ta tambaye ni ko zan goge wurin, tunda ba a jin komai. Na ce a'a, Inna, yadda yake haka zan bar shi. Kuma haka na bar shi. Duk wanda ya karɓi waƙoƙin Malam Ilyasu a wurina, in ya kai ƙarshe zai ji dattijuwa ta yi shiru, sannan janareta ya ci gaba shi kaɗai har waƙar ta ƙare. Alhaji Nafi'u ya aiko a ce min in yanke wannan wurin, wai ba daɗin ji. Na ce a gaya masa shi ya ɗauko mai aikin, ya saurara har ƙarshe.